Filin Tambaya da Amsa: "Yaron da na kawo da kuɗina ya sauya kafili, ko sallama babu"

Assalamu alaikum jama'a. Galibi wasiƙun da ke shigowa filin nan daga ma'aikata suke, wanda aka riƙe wa albashi, wanda kafilinsa (uban gidan da takardun zamansa suke ƙarƙashinsa) ya daina ɗaga waya, wadda igamarta (katin izinin zama) ta mutu. Wannan karon mun juya ɗaya ɓangaren, wato 'yan uwanmu masu mu'assasa (ƙaramin kamfani mai rajista) da masu shago da iyayen gida, waɗanda su ne ke ɗaukar mutane aiki. Dama lokaci yayi, don daga 2021 zuwa yau dokokin ƙwadago a Saudiyya sun sauya sosai, babban gyara na baya-bayan nan a watan Fabrairun 2025 ya fara aiki, amma da yawanmu har yanzu da lissafin zamanin su baba muke tafiya. Na taƙaita wasu wasiƙun, sunaye kuma na cire kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Salam Malam, ya gida ya iyali. Ni haifaffen Makka ne ɗan ƙasa, ina da gidan tsire da mu'assasa da sunana, ma'aikata 6. Akwai wani yaro ɗan garin su mahaifiyata da na kawo daga Najeriya, ni na biya biza ni na biya tikiti ni nayi masa igama, na koya masa aikin tun daga yanka har gashi, wallahi kamar ɗana na riƙe shi. Shekara ɗaya da wata huɗu kenan, kawai sai naga saƙo a Qiwa, manhajar Ma'aikatar Ƙwadago, wai wani gidan abinci a Jidda ya nemi a maida shi wajensu kuma shi ya amince, ko shawara baiyi dani ba. Fasfonsa yana hannuna. Wani abokina yace inyi masa hurub kawai, wato in kai rahoton ya gudu, in huta, wani yace in riƙe albashinsa in cire kuɗin da na kashe. Dan Allah wanne zanyi?
Mai gidan tsire, Shara Mansur, Makka

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji. Ko ɗaya kada kayi. Na san abin da ciwo, kuma ta fuskar zumunci yaron bai kyauta ba, ya kamata ya zo ya durƙusa ya faɗa maka da bakinsa. Amma kyautawa daban, doka daban, kuma abokan naka biyu duk rami suke nuna maka.

Tun 14 ga Maris 2021 Ma'aikatar Ƙwadago ta buɗe wa ma'aikacin kamfani ko mu'assasa damar ya koma wani wajen ba sai kafili ya sa hannu ba, in kwantiraginsa ya ƙare, ko kuma in ya cika shekara ɗaya da shigowa ƙasar ya bi ƙa'idar sanarwa. Haka bizar fita da dawowa da ta fita gaba ɗaya, da kansa zai iya nema a Absher, manhajar gwamnati ta harkar biza da igama. Yaronka ya haura shekara, to ƙofar a buɗe take gare shi. Akwai ma yanayin da ko shekarar ba sai ya jira ba, misali in an yi wata uku a jere ba a biya shi ba, ko ba a sa kwantiraginsa a Qiwa ba, ko an bar igamarsa ta mutu. Kaga kenan ranar da ka riƙe albashin nan kai da kanka kake ƙara masa hujja, ga shi kuma albashi yanzu ta banki ake bibiyarsa a manhajar albashi ta Mudad, watan da bai shiga ba kwamfuta ta gani tun kafin shi ya kai ƙara.

Maganar cire kuɗinka kuwa, sashe na 40 na dokar ƙwadago bai bar wani lungu ba. Kuɗin kawo ma'aikaci, kuɗin igama da lasisin aiki da sabunta su, har tikitin komawarsa gida in aiki ya ƙare, duk a wuyan mai ɗaukar aiki suke. Ba bashi bane ka bashi, kuɗin sana'arka ne, kamar gawayi da hayar shago. Kuɗin canjin kafala dai sabon wajen ne zai biya, wannan ba ruwanka.

Hurub kuma, Alhaji, mutumin da yake zuwa aiki kullum yana tsaye gaban wuta taya zaka ce ya gudu? In ya kai ƙara aka gano rahoton ƙarya ne mu'assasarka ce zata sha hukunci. Kuma ma hurub ɗin yanzu ba irin na da bane, tun 2022 aka gyara tsarin, ko wanda aka rubuta ya daina zuwa aiki ana bashi kwana 60 ya nemi wani wajen ko ya fita ƙasar. Fasfo kuwa yau ɗin nan ka miƙa masa abinsa, riƙe shi laifi ne mai tara ko da cewa kayi ajiye masa kake don kar ya ɓata.

To kai ba ka da wani haƙƙi kenan? Kana da shi, amma a cikin kwantiragi yake, ba a fasfo ba. Ka buɗe Qiwa ka duba me kuka sa wa hannu. In kwantiragin mai wa'adi ne kuma da sauran lokaci, ya tafi ba da wani dalili da doka ta yarda dashi ba, sashe na 77 ya baka damar neman diyya, wadda aka rubuta a kwantiragin, in ba a rubuta ba to albashin sauran watannin, kuma ba zata gaza na wata biyu ba. Ana fara shigar da maganar a ofishin sulhu na ma'aikatar, kwana 21 na aiki suke da shi su sasanta ku, in ya gagara a tura kotun ƙwadago. In kuma irin kwantiragin nan ne da ba a rubuta tsawonsa ba, gyaran 2025 ya ce na baƙo ana lissafa shi shekara ɗaya daga ranar da ya fara aiki, sai ya sabunta kansa. Kuɗin sallama na ƙarshen aiki kuma, wanda ya ajiye aiki da kansa kafin shekara biyu bashi da shi, amma kwanakin hutunsa da bai ci ba zaka biya shi, kuma cikin sati biyu ake so ka gama masa lissafi.

Sai dai kafin ka ja ɗan garin mahaifiyarka gaban alƙali ka fara tunanin wayar da Hajiya zata karɓa daga gida. Ni da zaka ji tawa, ka kira shi ku zauna ka tambaye shi nawa suka yi masa a can. Sau da yawa bambancin bai kai abin da zaka kashe ka kawo sabo ka sake koya masa yankan nama ba.

TAMBAYA: Malam barka da ƙoƙari. Ina ɗan aikin kwangila a Jidda, gini da filasta da fenti. A watan Yuli mai gidan da muke wa aiki ya matsa mana lamba wai lallai sai mun gama kafin bikin 'yarsa, sai muka riƙa zarcewa har azahar bama tsayawa, ranar nan wani ma'aikaci jiri ya ɗebe shi ya faɗo daga kan ƙarafan da ake hawa ya karye a ƙafa. Matsalar shine ba yarona bane, aronsa nayi daga wajen wani abokina na kwana biyu. Tsoron asibiti yasa muka kai shi wajen mai ɗori, na bashi riyal 3,000 muka ce magana ta wuce. Yanzu ƙafar bata ɗoru daidai ba kuma yana cewa zai kai ƙara. Ina ce tunda ya karɓi kuɗi shikenan?
Ɗan kwangila, Jidda

AMSA: Ɗan uwa ba shikenan ba. Zan faɗa maka gaskiya duk da ba daɗi, laifi uku ka haɗa a rana ɗaya, kuma kafin mu zo kansu, gobe da safe ka ɗauki bawan Allah nan ka kai shi asibiti a ɗauki hoton ƙafar. Ƙashin da ya ɗoru a karkace kullum ƙara wahalar gyara yake, mutumin nan kuma da ƙafarsa yake ci da iyalinsa.

Na farko rana. Kowace shekara daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba an hana sa ma'aikaci aiki a ƙarƙashin rana daga ƙarfe 12 zuwa 3 na yamma. Ba shawara bace, masu duba aiki suna zagayawa, kowa ma zai iya kiran 19911 ya kai rahoto, tarar kuma kan kowane ma'aikaci ake lissafa ta ba kan wajen aikin ba. Waɗanda aka ware su ne irin ma'aikatan mai da gas da masu gyaran gaggawa, su ma da sharaɗin a kare su. Bikin 'yar mai gida baya cikin gyaran gaggawa. Kuma mu da muke Jidda mun san ba zafin kaɗai bane, gumin nan ne da baya bushewa saboda danshin teku, jiki ya kasa huce kansa, sai ciwon kai, sai jiri, sai amai, in mutum ya fara surutai marasa kan gado ko jikinsa yayi zafi rau to an shiga haɗari, a kai shi inuwa a jiƙa shi da ruwa a kira 997 ko 911, ba a bashi shayi ace ya ɗan kwanta ba. 'Yan kwangilar da suka san kan aiki da asuba suke farawa a watannin nan, da rana su koma aikin cikin ɗaki, la'asar a sake fitowa. Wannan lissafin tun wajen yin ciniki da mai gida ake saka shi, ka faɗa masa aikin da za a gama a wata biyu da sanyi, da zafi sai ya ƙara haƙuri.

Na biyu aron ma'aikaci. Sashe na 39 ya hana ka sa ma'aikacin wani aiki, ya kuma hana abokin naka ya sake shi yayi wa wani, sai dai ta hanyar da aka tsara, wato a fitar masa da izini a Ajeer, manhajar gwamnati ta aron ma'aikata. Da kunyi haka da ba abin da zai sa kuji tsoron asibiti. Tsoron nan shi ya kai ku wajen mai ɗori, shi ya ja ƙaramar magana ta zama babba.

Na uku kayan kariya. Doka ta ɗora wa mai aiki ya samar da duk abin da zai kare ma'aikaci, hular kwano, takalmi, igiyar ɗaure ƙugu ga mai hawa sama, akwatin agajin gaggawa a wajen aiki, kuma ba a cire ko halala ɗaya daga albashinsa saboda su. Baka ce komai kan igiya ba a wasiƙarka, shirun nan ya bani amsa.

Yanzu maganar 3,000. Dokar ƙwadago ta ce duk yafiya ko sulhun da ma'aikaci yayi kan haƙƙinsa alhali yana kan aiki bashi da inganci sai in ya fi masa amfani. Balle naku da ko takarda babu. Abin da zaka bincika da gaggawa shine ko abokinka ya yi masa rajista a hukumar inshorar ma'aikata, Ta'aminat. In yayi, reshen haɗarin aiki ne ke ɗaukar magani da kuɗin kwanakin jinya da diyyar nakasa, kuma ƙa'ida mai aiki ya kai rahoton rauni cikin kwana 3 da samun labari, kun makara amma gara a je a yi bayani da a cigaba da ɓoyewa. Inshorar nan kashi 2 cikin ɗari ce ta albashi, mai aiki ke biya, ɗan ƙasa ko baƙo. Mai albashin riyal 1,800, riyal 36 kenan a wata. A inda inshorar bata shiga ba kuwa, dokar ƙwadago ta ɗora wa mai aiki magani gaba ɗaya, in an samu mutuwa ko nakasa ta dindindin gaba ɗaya diyyar albashin shekara uku ce, bata gaza riyal 54,000. A wancan albashin 64,800 kenan. Ka ajiye lambobin nan biyu, 36 da 64,800, kusa da juna ka kalle su.

Ku zauna kai da abokinka da shi, ku ɗauki maganin, duk abin da kuka daidaita a rubuta shi a ofishin sulhu ba a majalisar shayi ba. Tunda akwai maganar aron ma'aikaci a ciki, kuɗin ganin lauya awa ɗaya ba asara bane.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon ɗinki da kwalliyar mata a Madina, cikin ma'aikatana akwai wata yarinya 'yar ƙasa ina biyanta 3,000, yanzu tana da ciki wata bakwai tace hutun haihuwarta sati 12 ne, ni kuma sati 10 na sani. Ga lokacin biki ya matso aiki yayi yawa. Zan iya sallamarta in ɗauki wata?
Hajiya mai shago, Madina

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Yarinyar ta fi ki sabon labari. Sati 10 tsohuwar doka ce, daga Fabrairun 2025 sati 12 ne da cikakken albashi, shida na bayan haihuwa dole ne, sauran shidan ita zata tsara yadda take so, tana iya farawa tun saura sati huɗu ta haihu. In ta buƙata tana iya ƙara wata ɗaya ba albashi, in ta dawo kuma tana da awa ɗaya a rana na shayarwa a cikin lokacin aiki. Sallama kuwa kada ma ki fara, an hana korar mace ko yi mata gargaɗin kora saboda ciki ko tana hutun haihuwa. Ki nemi wadda zata riƙe miki na wucin gadi da kwantiragi mai wa'adi, an wuce wajen.

Abin da baki tambaya ba amma ya fi ɗaukar hankalina shine 3,000 ɗin nan. A lissafin Niɗaƙat, tsarin da ke ba wajen aiki launi gwargwadon yawan 'yan ƙasar da ya ɗauka, ɗan ƙasa sai albashinsa ya kai 4,000 ake ƙirga shi mutum ɗaya cikakke, daga 3,000 zuwa ƙasa da 4,000 rabin mutum ne. To ki duba launin shagonki a Qiwa, kar ki wayi gari kina kan jan launi a rufe miki sabunta lasisin sauran ma'aikatan.

Tunda muna kan gyaran 2025 bari in ƙara miki da saura a gurguje, don duk mai shago zai ci karo dasu. Wa ko ƙani ko 'yar uwar ma'aikaci ta rasu, kwana 3 da albashi, da babu wannan. Lokacin gwaji baya wuce kwana 180 duka-duka kuma sai an rubuta shi a kwantiragi. In ma'aikaci ya kawo takardar ajiye aiki kika yi shiru kwana 30, doka ta ɗauka kin amince. Masauki da abin hawa ko kuɗinsu yanzu a rubuce suke a wuyan mai aiki. Aikin ƙarin lokaci kuma, maimakon kuɗi zaki iya bada hutu, amma sai ma'aikaciyar ta yarda.

TAMBAYA: Malam da azumi ma awa 8 ne? Yarana suna ta gunaguni.
Mai shagon gyaran mota, Riyad

AMSA: Suna da gaskiya. Musulmi a Ramadan awa 6 a rana ko 36 a sati. Abin da ya haura ƙarin lokaci ne, kuɗin awa da ƙarin rabin asalin albashin awar.

TAMBAYA: Salam Malam. Ina da 'yar aiki da na kawo ta ofis shekara uku kenan, a hannu nake bata kuɗinta duk wata bamu taɓa samun matsala ba, yanzu ɗana yace wai dole sai ta waya. Sannan akwai 'yar ƙanwata da tazo Umara take taya ni aikin abincin sayarwa ina ɗan bata wani abu, shima akwai laifi?
Uwar gida, Jidda

AMSA: Hajiya ɗanki yayi daidai. An fara tsarin biyan masu aikin gida ta Musaned, manhajar gwamnati ta masu aikin gida, a watan Yulin 2024 da sababbin zuwa, aka riƙa faɗaɗa shi mataki-mataki, wa'adin da aka sa na kowa da kowa shine 1 ga Janairu 2026. Ta banki ko manhajojin kuɗi da aka amince dasu ake turawa. Kuma wallahi ke ya fi karewa, don ranar da aka samu saɓani tace wata biyar ba a biya ta ba, "ai a hannu na bata" ba hujja bace.

Masu aikin gida ba sa cikin sassaucin 2021 da na faɗa a sama, nasu tsarin daban ne, sabonsa ya fara aiki a Oktoban 2024. Aiki baya wuce awa 10 a rana, hutun kwana ɗaya cur a sati da albashinsa, hutun wata ɗaya bayan shekara biyu in za a sabunta, jinya har kwana 30 da takardar likita, rabin farko cikakken albashi rabin ƙarshe rabi. In ta cika shekara huɗu a jere tana da albashin wata ɗaya na sallama, taki saura shekara, ki fara ajiyewa. Wanda ya saɓa, tara tana iya kaiwa riyal 20,000 ko a hana shi kawo 'yar aiki har shekara uku.

'Yar ƙanwarki kuma, ta taya ki wanke-wanke a matsayin ɗiya ba wanda zai ce komai, amma abincin sayarwa da biya aiki ne, bizar Umara ko ta ziyara kuma ba ta aiki bace. In kwanakinta suka ƙare tana gidanki abin ya ƙara muni, ita tarhil, wato a maida ta gida da ƙarfi, ke kuma hukuncin mai ba da aiki ko mafaka ga wanda ya saɓa dokar zama yana iya kaiwa tarar riyal 100,000 da ɗaurin wata shida. Ki duba ranar da bizarta zata ƙare tun yau.

TAMBAYA: Malam ni anan aka haife ni amma igama gareni. Shagon kayan waya nawa ne da kuɗina, sai dai da sunan wani abokina ɗan ƙasa muka buɗe, ina bashi wani abu duk wata. Yanzu ma'aikacinmu yana barazanar zai tona mu in ban ƙara masa albashi ba. Ya zanyi dashi?
Wani matashi, Jidda

AMSA: Ƙanena matsalarka ba ma'aikacin bane. Abin da kuke yi shine tasattur, wato baƙo ya ɓoye kasuwancinsa a bayan sunan ɗan ƙasa, kuma dokar da ta fara aiki a 2021 ta sa hukuncinsa ya kai ɗaurin shekara 5 da tarar riyal miliyan 5, a rufe shagon, a ƙwace abin da aka samu ta hanyar, baƙon kuma a fitar dashi daga ƙasar, kai da baka san ko'ina ba sai nan. Abokin naka shima bai tsira ba. Wanda ya kai rahoto ana iya bashi har kashi 30 cikin ɗari na tarar, to kaga ko ka ƙara masa albashi yau gobe zai dawo, in ba shi ba wani. Wa'adin afuwar da aka bayar na gyara irin wannan ya rufe tun Fabrairun 2022. Ga kuma wani abu, sayar da waya da gyaranta tun 2016 aka keɓe wa 'yan ƙasa, tsayuwarka a bayan kantar ma kaɗai abin tambaya ne.

Hanyoyin da suka rage, ko ku sayar da shagon ku raba lafiya, ko ya zama na abokinka da gaske shi ke riƙe da asusu da ribar, ko in jarinka ya kai ka nemi lasisin zuba jari da sunanka a sana'ar da aka yarda baƙo ya shiga. Dokar ta kuma bar wa kotu damar sassauta wa wanda ya kai kansa kafin a gano shi, da sharuɗɗa. Wannan ba maganar da za a ƙarasa a shafin mujalla bace, ku je wajen lauya kai da abokin naka tare, cikin satin nan, ku tafi da takardun asusun shagon da duk wata shaidar kuɗin da ka zuba.